'Yan ci-ranin sama: abin da rahotannin tsuntsaye daga gaɓar Poole ke faɗa, da wanda ba sa faɗa

Duk shekara, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, labari iri biyu ke fitowa daga gaɓar tekun kudancin Ingila, kuma in ka jera su sai ka ga kamar ɗaya na ƙaryata ɗaya. Na farko na murna ne. Wani tsuntsu dangin shaho mai kamun kifi, wanda rabonsa da yin sheƙa a kudancin ƙasar tun 1847, ya dawo yana saka ƙwai a bakin ruwan Poole, jama'a na kallonsa kai tsaye ta intanet. Na biyu kuwa ƙorafi ne: kurciyar Turai ta kusa ɓacewa daga Birtaniya, baƙar tsattsewa ta ragu da fiye da rabi tun 1995, kuma dazuzzukan da a da ake jin tsuntsun nan da ake kira kuku sun yi tsit. A Fabrairun 2024 wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce kashi 44 cikin 100 na dabbobi, kifaye da tsuntsaye masu ƙaura da ke ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar Bonn suna raguwa.

To, ƙaruwa tsuntsayen ke yi ko ƙarewa? Kuma ina ruwan mutumin Nguru ko Maraɗi da abin da Bature ya hango da madubin hangen nesa a bakin teku? Tambaya ta biyun ta fi sauƙin amsa. Da yawa daga cikin tsuntsayen da ake ƙirgawa a Poole a watan Afrilu, makonni kaɗan kafin nan suna kan gawo da bagaruwa a gonakinmu, ko a bakin fadamunmu.

Kalmomin da ke rikita mai karatu

Abin da kafofin labarai ke kira bazara a Turai ba bazararmu ba ce, wata ne kawai ya zo ɗaya. A nan Maris zuwa Mayu lokacin zafi ne da ƙafewar tafkuna. A can kuwa lokacin ne sanyin hunturu ke saki, itatuwa su yi toho, yini ya yi tsawo, ƙwari da tsutsotsi su fito da yawa. Wannan saɓanin shi ne tushen tafiyar baki ɗaya: abinci na ƙarewa a nan daidai lokacin da yake bunƙasa a can, kuma dogon yini na ba uwa da uba sa'o'i masu yawa na ciyar da 'ya'ya.

Ƙaurar da ake magana a kai ta fi kama da ci-rani. Tsuntsu ya sauka Afirka da kaka, wajen Satumba da Oktoba, ya yi rani, ya koma arewa ya hayayyafa, ya sake dawowa. Masu bincike sun ƙiyasta a 2009 cewa ƙananan tsuntsaye kusan biliyan 2.1 ne ke barin Turai zuwa kudu da Sahara duk kaka. Turawan Ingila na kiran su "tsuntsayenmu na bazara", amma in da yawan kwana ake mallakar baƙo, lissafin bai goyi bayansu ba, domin babban kuku ba ya wuce wata biyu zuwa uku a Birtaniya, sauran shekarar yana Afirka ko kan hanya. Shamuwa da muka sani ita ma 'yar ƙaura ce, sai dai tata tafiyar a cikin Afirka take. Tana shigo mana daga kudu gab da damina, a daidai lokacin da baƙin Turai ke kama hanyar arewa.

Sai kalmar "gani". A wurin masu kallon tsuntsaye, gani rubutaccen bayani ne: wane iri, guda nawa, a ina, wace rana, ƙarfe nawa. Suna shigar da shi a manhajoji irin su BirdTrack da eBird, ko su aika wa ƙungiyar yankinsu. In tsuntsun baƙo ne da ba a saba gani ba, sai an kawo hoto ko cikakkiyar siffa, wani kwamiti ya tantance kafin a karɓa.

Me ya sa Poole

Poole gari ne a gundumar Dorset, mai tashar jiragen ruwa da ke zirga-zirga zuwa Cherbourg ta Faransa. Tashar na cikin wani lungu da teku ya shigo cikin ƙasa ta ƙaramar ƙofa, ya bazu har kusan murabba'in kilomita 36, yana daga cikin mafi girman irinsa a duniya. Ruwan ba shi da zurfi, a yawancin wurare bai kai mita ɗaya ba in ka cire hanyar jirage da ake yashewa. Manyan kogunan da ke zuba a ciki su ne Frome da Piddle. Idan teku ya janye sai fili ya buɗe na taɓo cike da tsutsa, ƙananan kaguwa da dodon koɗi, wato kasuwar abinci ga tsuntsaye masu dogon baki da dogayen ƙafafu. A gefe akwai ciyawar fadama da sauruka masu gajerun itatuwa, kamar na Arne da ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke kula da su. A tsakiya akwai tsibirin Brownsea, inda Baden-Powell ya yi sansanin 'yan sikawut na farko a 1907, kuma tafkin da ke gefensa ne matattarar dubban tsuntsaye. A 1999 aka saka wurin cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Tafkin Nguru ya shiga wannan jerin a shekarar da ta biyo baya.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne inda wurin yake. Tsuntsun da ya taso daga Faransa da dare, ya ƙetare ruwa na kusan kilomita 100, gaɓar Dorset ce ƙasar farko da zai taka. Ga wasu tsuntsayen Poole zango ne kawai, kamar yadda fatake ke yada zango su sha ruwa su wuce. Ga wasu nan ne ƙarshen tafiya. Ga wasu kuma can ne wurin cin rani, gidansu na arewa mai nisa.

Wa ke tafiya, wa ke wucewa, wa ke zama

Saboda haka ayari uku ne ke cuɗanya a bazara. Masu tafiya su ne waɗanda suka yi hunturu a Poole: baƙaƙen dinya ƙanana da ke komawa arewacin Siberiya cikin Fabrairu da Maris, da tsuntsun taɓo mai dogon baki da baƙar wutsiya wanda ke rikiɗa ya yi ja kafin ya nufi Aisland a Afrilu. Waɗannan ba su san Afirka ba.

Masu wucewa sun haɗa da wani mai lanƙwasasshen baki da Turawa ke kira whimbrel, wanda ke cin rani a gaɓar Muritaniya, Senegal da Gini Bisau, ya tsaya Poole a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu ya ci kaguwa, ya zarce Aisland.

Masu shigowa daga Afirka kuwa suna da jeri da kusan ba ya canzawa. A farkon Maris ake fara ganin wheatear, ɗan tsuntsu mai farin gindi da ke tsalle a kan duwatsu, nauyinsa kusan giram 25. Irinsa da ke hayayyafa a Alaska na yin kusan kilomita 14,500 zuwa gabashin Afirka. Tare da shi sai tsattsewar gaɓa, mai haƙa rami a yashin bakin kogi. A ƙarshen Maris wasu fararen tsuntsayen teku masu kamun kifi, masu baƙar hula, ke isowa Brownsea daga gaɓar Afirka ta Yamma, har da ta Ghana, haka ma shahon kifi. A cikin waɗannan makonnin akan ga ɗaiɗaikun wata ƙaramar agwagwa mai farar gira, garganey, wadda dubun-dubatarta ke cin rani a dausayin Haɗeja da Nguru, da Tafkin Chadi, da fadamun Neja a Mali. Afrilu watan tsattsewa mai tsagaggiyar wutsiya ne, da kuku, da ƙananan mawaƙan ciyawa, ciki har da mai farin maƙogwaro da za mu dawo kansa. Baƙar tsattsewa mai fikafikai kamar lauje na zuwa daga ƙarshen Afrilu. Na ƙarshe shi ne yautai, a tsakiyar Mayu, daga yankin Kongo.

Jerin na bin abinci ne. Mai cin ƙwarin ƙasa zai iya zuwa da wuri, mai kama ƙwari a sararin sama cikin dare dole ya jira ɗumi.

Guzurin Sahara

Kafin yawancinsu su ga Poole, sai sun ƙetare hamada mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000, sannan Bahar Rum. Guzurinsu kitse ne. Ɗan tsuntsun fadama mai giram 11 ko 12 kan yi ƙiba har ya kusa ninka nauyinsa cikin 'yan makonni. A ƙarshen shekarun 1960 masu bincike sun yi aiki a Malam Fatori, a bakin Tafkin Chadi, suna kama tsuntsaye suna aunawa, suka ga yadda suke tara kitse da 'ya'yan itacen da ake yanko asuwaki daga saiwarsa, da kuma ƙananan ƙwarin tafki. Yawancinsu da dare suke tafiya, da rana su fake a inuwar dutse ko tsiro, ko da yake na'urorin zamani sun nuna wasu na zarcewa da rana su haura sama da mita 5,000.

Matsalar ita ce wannan guzurin ana tara shi ne a Maris da Afrilu, ƙarshen rani, lokacin da Sahel ta fi bushewa. Abin da tsuntsu zai samu a lokacin ya dogara ne ga ruwan daminar da ta wuce wata shida baya.

Abin da rahoton yini ba ya nunawa

Nan ne mai karatu ya fi yin kuskure. Idan aka ce an ga ɗaruruwan tsuntsaye sun sauka a gaɓa da safe, ba lallai yawa ke nan ba, sau da yawa mugun yanayi ne. In sama ta yi garau kuma iska na kaɗowa daga kudu, tsuntsayen wucewa suke yi ta can sama zuwa cikin ƙasa, ba wanda ya gan su. In suka yi karo da iskar arewa da yayyafi, sai gajiya ta sauke su a tsiron farko da suka samu. Ma'aikatan cibiyar kallon tsuntsaye ta Portland Bill, yamma da Poole, sun daɗe da sanin haka. Ranar da masu kallo suka fi jin daɗi ita ce ranar da tsuntsaye suka fi shan wuya.

Haka ma ranar "gani na farko". Tsuntsu ɗaya ne mai gaggawa, ba ya wakiltar sauran. Masu kallo sun ƙaru, kowa da waya da kyamara, kuma an fi fita ranar Asabar da Lahadi. Ko da tsuntsaye ba su canza komai ba, idanu dubu za su riga idanu goma gani.

Shi ya sa masana ba sa dogara da rahoton yini. Suna da ƙidayar tsuntsayen ruwa da 'yan sa-kai ke yi rana ɗaya a kowane wata a duk faɗin ƙasar, da ƙidayar masu hayayyafa da ake yi a wurare tsayayyu tun 1994, wadda ta gaji wata da aka fara a 1962. Sai kuma zobe. Wani malamin makaranta ɗan Danmak, Mortensen, ya fara saka wa tsuntsaye zobe mai lamba a 1899, Birtaniya ta bi sahu a 1909, kuma a Disamban 1912 aka tsinci tsattsewar da aka saka wa zobe a Ingila can a Natal ta Afirka ta Kudu. Kafin nan hujja mafi ƙarfi da Turawa ke da ita cewa tsuntsayensu na zuwa Afirka ta zo ne a 1822, lokacin da aka harbo wata farar shamuwar Turai a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock.

Waɗannan dogayen ƙidayoyi sun tabbatar da abu biyu. Wasu tsuntsayen na isowa da wuri da gaske, tsattsewa mai tsagaggiyar wutsiya da kusan mako biyu in aka kwatanta da shekarun 1960. Kuma masu doguwar tafiya zuwa kudu da Sahara sun fi raguwa a kan waɗanda ke tsayawa Sifaniya ko Maroko.

Shahon kifi: nasarar da aka yi da hannu

Tsuntsun da ake murna a kansa, wanda Turawa ke kira osprey, masu gadin farauta da masu tara ƙwai ne suka ƙarar da shi, har ya daina hayayyafa a Birtaniya a 1916. Ya dawo Sikotland da kansa a 1954, amma bazuwarsa kudu ta yi nawa, domin namijin kan koma kusa da inda ya fara tashi ne ya yi sheƙa. Wannan ɗabi'ar aka yi amfani da ita. A 2017 ƙungiyar Birds of Poole Harbour da gidauniyar Roy Dennis suka fara ɗauko 'ya'ya daga sheƙunan Sikotland, da izinin hukuma, su raine su a Poole har su tashi, don su ɗauki wurin a matsayin gida. An yi irin haka a tafkin Rutland tun 1996.

Wata mace mai zobe CJ7, haihuwar Rutland a 2015, ta fara zuwa Poole a 2017. Namiji mai lamba 022, wanda aka saki a 2019, ya dawo a 2021. A 2022 suka ƙyanƙyashe biyu, wani shahon daji ya kashe ɗaya. A 2023 suka fitar da uku, a 2024 huɗu. 'Ya'yan kan kama hanyar Afirka ta Yamma su kaɗai a Satumba, tafiyar kilomita 4,000 zuwa 5,000, ba uwa ba madugu, kuma ba sa komawa sai sun kai shekara biyu. An gane wasu daga cikin waɗanda aka saki a Poole a gaɓar Senegal da Gambiya ta lambar zobensu.

Labarin gaskiya ne, amma ba ya ƙaryata ɗaya labarin, na raguwar sauran tsuntsayen. Abin da ya kashe shahon kifi bindiga ce da satar ƙwai, kuma doka da gadi sun isa su magance su. Wata dokar Birtaniya ta 1981 ta haramta ko da matsa wa sheƙarsa. Abincinsa kifi, kuma kifi na nan. Ƙaramin mai cin ƙwari kuwa ba maƙiyi ɗaya gare shi ba, kuma ba a ƙasa ɗaya suke ba.

Laifin wa? Matsaya huɗu

Wasu masana na ɗora nauyin a kan noman Turai. Maganin ƙwari da na ciyawa, sare shingen itatuwa tsakanin gonaki, da gyaran gidaje da ke toshe ramukan da baƙar tsattsewa ke sheƙa. Tsuntsayen gonaki a Birtaniya sun ragu da fiye da rabi tun 1970, har da waɗanda ba sa zuwa ko'ina, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi, tunda ba za a ce Afirka ce ta cinye su ba. Wani bincike a Jamus a 2017 ya nuna ƙwari masu tashi sun ragu da kusan kashi 75 cikin 100 a shekara 27.

Wasu na nuna hanya. Ƙungiyar BirdLife ta ƙiyasta a 2015 cewa ana kashe tsuntsaye kusan miliyan 25 duk shekara ba bisa doka ba a kewayen Bahar Rum, musamman a Masar, Italiya, Siriya, Labanan da Kubrus. Mafarautan na cewa al'adar kakanni ce, kuma a Malta ƙuri'ar raba gardama ta 2015 ta bar farautar bazara da ɗan ƙaramin rinjaye. Kurciyar Turai ta zama ma'auni: da Faransa, Sifaniya da Fotugal suka dakatar da harbinta a 2021, yawanta a wannan hanyar ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekara biyu. Amma a Birtaniya, inda ta ragu da kusan kashi 98 cikin 100, rashin irin ciyawar da take ci ma na cikin dalilai.

Matsaya ta uku ita ce ta shafe mu. A bazarar 1969 masu ƙidaya a Birtaniya suka tarar fiye da kashi 70 cikin 100 na mai farin maƙogwaro bai dawo ba, alhali a 1968 ya hayayyafa lafiya. Da aka bi sawu sai aka gano daminar 1968 ta gaza a yammacin Sahel. Tsuntsayen sun ba da labarin farin tun kafin duniya ta farga da yunwar 1973. A farin 1984 tsattsewar gaɓa ta yi irin wannan faɗuwar. Tun daga nan an tabbatar cewa yawan wasu nau'o'i a Turai na hawa da sauka tare da ruwan Sahel da ambaliyar fadamunsa. Ban da fari akwai aikin hannu: madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke cika dausayin Haɗeja da Nguru, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ana sare itatuwa don girki da gawayi. A fadamun Mali ana kama agwagin ƙaura da raga a kai kasuwar Mopti.

Sai dai wannan bayanin ma bai cika ba. Da ruwan Sahel ya ɗan farfaɗo daga shekarun 1990, tsuntsayen da ke cin rani a can sun ɗan murmure. Waɗanda suka fi faɗuwa tun ƙarshen shekarun 1980, da kusan kashi 70 cikin 100 a ƙidayar Birtaniya, su ne masu zarcewa kudu zuwa kurmi da dazuzzukan da ke da laima. Kuma masana 'yan Holan da suka bi Sahel suna ƙirga tsuntsaye bishiya bishiya sun gano cewa ba kowace bishiya ce ke da amfani gare su ba. Sun fi taruwa a kan masu ƙaya, irin su gawo, bagaruwa da farar ƙaya, da itacen asuwaki. Darbejiya da turare, waɗanda aka fi dasawa a shirye-shiryen gwamnati, kusan fayau suke. Gawo na da ganye da fure a rani lokacin da sauran suka kaɗe, shi ya sa yake tara ƙwari. Ke nan manoman Maraɗi da Damagaram da suka koma barin toho a gonakinsu tun shekarun 1980, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, sun yi wa waɗannan tsuntsaye aikin da ba don su aka yi ba.

Ta huɗu ita ce sauyin yanayi. Ɗumi na sa tsutsar ganye fitowa da wuri a Turai, amma tsuntsun da ke Afirka tsawon yini ne agogonsa, bai san abin da ke faruwa a can ba. A Holan an ga wani ɗan tsuntsu mai kama ƙuda ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a dazuzzukan da tsutsa ta fi saurin fitowa, domin 'ya'yansa na ƙyanƙyashewa bayan an tashi daga cin abinci.

Yawancin masana a yau ba sa zaɓar ɗaya daga cikin huɗun, sukan ce kowane tsuntsu da nasa haɗin. Kuku misali ne. Na'urorin tauraron ɗan'adam da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Birtaniya, BTO, ke ɗaura masa tun 2011 sun nuna waɗanda ke bi ta Sifaniya sun fi mutuwa a kan masu bi ta Italiya, ko da yake dukkansu dajin Kongo suka nufa.

Rigingimun cikin gida a Poole

Zangon ma ba lafiya lau yake ba. Sinadarin takin zamani daga gonaki, da wani kaso daga ruwan bahaya na gari, na gangarowa ta kogunan, ya sa gansakuka ta shimfiɗu kore shar a kan taɓo ta shaƙe tsutsotsin da tsuntsaye ke ci. Saboda haka hukumomin yankin suka kafa ƙa'ida cewa sabon gini ba zai ƙara wannan sinadarin ba sai an rama a wani wurin, manoma kuma aka sa musu ma'auni. Magina na cewa ƙa'idar na ƙara tsadar gidaje, manoma na cewa an ɗora musu kaya mai nauyi, masu kare muhalli na cewa matakin ya yi jinkiri. Akwai kuma saɓani da masu yawo da karnuka da masu wasan kwale-kwale, domin duk tashin da aka yi wa tsuntsun da ke kiwo, guzurinsa yake ƙonawa. A Maris 2023, ana shirin shigowar baƙi, bututun rijiyoyin mai na Wytch Farm ya tsiyayar da kusan ganga 200 na ruwa gauraye da ɗanyen mai a cikin lungun.

Abin da ya shafi talaka

A Poole tsuntsaye sana'a ce. Ana biyan kuɗin jirgin ruwa don ganin shahon kifi, masu masauki da abinci na samu. A gefe guda, mai neman gida da manomi na biyan wani ɓangare na kuɗin kare wurin.

A wajenmu lamarin ya fi shafar abinci. Yawancin ƙananan baƙin nan ƙwari suke ci, ba hatsi ba. Jan baki da ke cinye gero da shinkafa ɗan gida ne, ba ya zuwa Turai, amma feshin da ake yi masa a fadamu ba ya tantance baƙo da ɗan gari. Ruwan da agwagwar ƙaura ke nema a Nguru shi ne wanda masunci, mai noman rani da makiyayi ke nema, don haka duk shawarar da aka yanke kan sakin ruwa daga madatsu ta shafe su tare. Nijeriya da Nijar duka na cikin yarjejeniyar Ramsar, kuma ta irin waɗannan yarjejeniyoyi ne kuɗin gyaran dausayi kan shigo. Inda ake samun tirjiya shi ne in aka zo da hani kan farauta ko kamun kifi ba tare da an kawo madadin abin sawa a baki ba.

Sai murar tsuntsaye. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da nau'in H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma kaji fiye da miliyan ɗaya suka mutu ko aka kashe su a shekarun da suka biyo. An yi ta muhawara ko tsuntsayen ƙaura ne suka kawo ta ko cinikin kaji. Binciken ƙwayoyin cutar ya nuna ta shigo fiye da sau ɗaya, kuma da ta shigo, kasuwa da motocin kaji ne suka fi yaɗa ta. A Janairun 2021 ta kashe kwasakwasa kusan 750 a dausayin Djoudj na Senegal. Haɗarin ya fi yawa daga tsuntsayen ruwa, kuma lokacin shigowarsu da kaka da hunturu. Shawarar likitocin dabbobi ita ce a raba kaji da bakin tafki, kada a ci ko a taɓa tsuntsun da aka tsinta matacce.

Akwai kuma batun zobe da na'ura, wanda kan tayar da zargin leƙen asiri. A 2013 an tsare wata farar shamuwa a Masar saboda na'urar da ke bayanta. A 2018 wani a Sudan ya cire layin waya daga na'urar wata shamuwar Folan ya yi ta kira, aka aika wa ƙungiyar da ta ɗaura shi takardar bashin kusan dala 2,700. Zoben ba ya ɗauke da komai sai lamba da adireshin ƙasar da aka saka shi. Wanda ya ci karo da shi, abin da masu bincike ke buƙata shi ne lambar, da ranar, da sunan garin, da halin da aka samu tsuntsun. A Nijeriya cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, ita ce ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen ƙasar tun 2015 tare da 'yan sa-kai, ciki har da matasan Arewa. Adireshin da ke jikin zoben Birtaniya na gidan adana kayan tarihi ne da ke Landan, kuma duk wanda ya aika da lamba ana mayar masa da bayanin inda aka saka wa tsuntsun zoben da ranar da aka saka.